Modu, Kafin Ka Ɗaura Tirelar Nan

Bolori, Maiduguri
Ranar Laraba, bayan azahar

Zuwa ga ɗana Modu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Hadiza da yaran. Allah Ya tsare ku a hanyar da za ku hau jibi, Ya kai ku Kano lafiya, Ya sa ku tarar da alheri a can fiye da wanda kuka bari a nan.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da tsakanin gidansa da naka bai wuce layi biyu ba. Sau uku ina fara yi maka maganar nan, sau uku kana ce min ka sani, ni kuma raina ya ɓaci na ɗaga murya, magana ta tashi daga kan tirela ta koma wani wuri. Shi ya sa na zauna zan rubuta. Na ce na zauna, amma tun safe ban iya zama ba. Na fita tsakar gida na zagaya 'yar tirelar nan ya fi sau huɗu, har mahaifiyarka ta tambaye ni ko wani abu na ɓatar a ƙarƙashinta.

Ba labarin gari zan ba ka ba, ka san shi kamar yadda na san shi. Kurakuraina zan jera maka. Wasu ka ji su sama-sama, wasu kuma ban taɓa faɗa wa kowa a gidan nan yadda suka faru ba.

Ka san da hannuna na ƙera ta, shekarar da aka hana hawa babur a garin nan, masu motocin kaya kuma suka fara ƙin fita bayan gari. Ina da ƙofofi da tagogi da na yi wa mutane walda, babu mai kai musu. Sai na samo tayoyi biyu da ƙarfe na haɗa mata jiki, na liƙa wa motata ƙugiyar ja a baya. Na ɗauka tunda ni na ƙera ta, na san halinta. Ashe ƙira daban, ja daban.

Fitata ta farko mai nisa Damaturu ce. Ƙofofi uku zan kai, sai ga wani ya kawo injin markaɗe a ƙurarren lokaci ya ce in taimaka in sauke wa ɗan'uwansa. Na riga na ɗaure ƙofofin, na ji ƙyuyar kwancewa, sai na sa aka ɗora injin a can baya inda ya rage wuri. Cikin gari ban ji komai ba. Da na wuce Jakana hanya ta buɗe, na ƙara wuta, sai wata tanka ta wuce ni da gudu. Iskarta ta bugi tirelar, ta fara kaɗa wutsiya. Hagu, dama, hagu, kowace kaɗawa ta fi ta baya. Na ji bayan motar yana binta. Tsoro ya kama ni na danne birki da ƙarfina. Tirelar ta naɗo ta daki gefen motar, muka juya a tsakiyar kwalta, na tsinci kaina ina fuskantar Maiduguri da na baro. Da akwai mota tafe a lokacin, da ba ni na raine ku ba.

Wani dattijon direba ne ya tsaya, a lokacin da mutane ke tsoron tsaya wa kowa a hanyar. Bai yi min faɗa ba. Ya zare ƙugiyar, ya sa hannu ɗaya ya ɗaga wuyan tirelar sama kamar ya ɗaga buta, ya dube ni.

"Malam, ka ga? Wuyanta ba nauyi. Duk ka kai mata kayan wutsiya."

To ka ji. Kekunan ɗinkinka uku da janareta su ne masu nauyi. Su za ka fara ɗorawa, a ƙasa, daidai kan taya da ɗan gaba kaɗan. Katifu da ƙullin yadi su zo daga baya da sama. Idan ka gama, ka cire ta daga motar ka gwada ɗaga wuyan. In ya tashi da hannu ɗaya, sauke ka sake lodi. In kuma ka ɗaura ka ga bayan motar ya durƙusa, gabanta ya ɗaga kai, ka yi mata yawa a gaba, sitiyari zai yi maka sako-sako. Tsakiyar nan ake nema. Kada ka ji ƙyuyar sake lodi, ƙyuyar ce ta kusa kashe ni. Kuma ka tuna motarka ta mutane ce, ba ta kaya ba. Kai da Hadiza da mahaifiyarta da yara biyu, ga but a cike, duk nauyi ne a kanta tun kafin tirela ta zo. Teburin yanka yadin nan ka bar shi, za a yi maka wani a Kano.

In duk da haka ta fara kaɗawa, kada ka taka birki, kada ka ƙara wuta, kada ka yi kokawa da sitiyari. Riƙe shi sak da hannu biyu, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka bar motar ta rage gudu da kanta. Za ta lafa. Ƙafarka za ta so birki kamar me, na sani. Hana ta. Da ka hango babbar mota a madubi za ta wuce ka, ka rage gudu tun kafin ta iso.

Na tashi na je na sake duba tayoyin yanzu. Sababbi ne, na sani, ni na sa su makon jiya, amma bari in gaya maka dalilin da ya sa nake ta latsa su.

Akwai lokacin da tirelar ta yi wata da watanni a jingine, hanyoyi a rufe, babu inda ake zuwa. Rana ta dake ta, damina ta wuce a kanta. Da aka buɗe hanya, mahaifiyarka ta ce mu kai wa ƙanwarta hatsi da gado a Potiskum. Na kalli tayoyin na ga zanensu bai cinye ba, na ce lafiya lau. Ban duƙa na ga yadda gefensu ya tsattsage ba, ban kuma buɗe cibiyar taya na sa wa boris ɗin da take juyawa a kai giris ba. Kafin Benisheikh na fara jin ƙauri. Mahaifiyarka ta ce wani abu na ƙonewa, na ce mata ciyawa ake ƙonawa a daji. Ta sake faɗa, na ce ta bar ni in yi tuƙi. Da na tsaya daga ƙarshe, cibiyar tayar hagu hayaƙi take yi, boris ya narke ya kama. Muka yi awa uku a gefen hanya, daji hagu da dama, motoci suna wucewa ba mai kallonmu, rana tana sauka, lokacin rufe hanya yana matsowa. Mahaifiyarka tana zaune a mota tana ta jan carbi. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Da ƙyar wani mai faci ya yarda ya biyo ni da kayan aiki, muka lallaɓa muka shiga gari.

Saboda haka duk inda ka tsaya, ka zagaya ta. Sa bayan hannunka kusa da cibiyar kowace taya. Ɗumi ba komai, amma in ta yi zafin da ba za ka iya taɓawa ba, kada ka ci gaba. Iskar taya da safe ake aunawa kafin a hau hanya. Safayarta daban take da ta motar, na ɗaure maka ita a wuyan tirelar, sifanar da ke kwance notinta tana cikin buhun da jak yake. Igiya kuma tana saki da tafiya, ka tsaya da zarar ka fita gari ka sake jan ta. Idonka ya riƙa kai wa gejin zafi, injin da ke jan kaya ya fi saurin tafasa. In Hadiza ta ce ta ji wani ƙara ko wani wari, ka tsaya. Wanda ke zaune a gefe ya fi mai tuƙi ji.

Maganar rufe hanya ita ta fi damuna, don ita ke sa mutum gudu. Kowa yana so ya wuce Damaturu da wuri, motoci su taho a jere kamar an koro su, kai ma ka ji dole ka bi sahu. Tirelar nan ba ta da birkin kanta, Modu. Duk nauyinta birkin motarka ne zai tare, kuma tana tura ka ta baya. Tazarar da ka saba bari tsakaninka da na gaba, ninka ta. A gangara ka sauko da giya, kada ka kwanta kan birki har ya yi zafi. Masu hon su yi ta yi, ka ba su hanya su wuce. Maganin sauri fita da wuri. Ka kasance cikin na farko a layi idan za a buɗe hanya da safe, lodinka kuma ka gama shi gobe da rana, ba jibi da asuba ba.

Sai shingen sojoji. Nan ma na yi wauta. Wata rana na lulluɓe kaya da tampol, na yi masa ɗaurin da ni kaina sai da wuƙa. A shingen fita gari soja ya ce in buɗe. Na tsaya ina fama da ƙulli, layi ya taru a bayana, shi kuma ransa yana ɓaci, don a wurinsa duk abin da aka rufe aka kasa buɗewa abin tsoro ne. Ya ce in ja baya in fita daga layi. Ban iya ribas da tirela ba a lokacin. Na juya sitiyari dama ta tafi hagu, na gyara ta ƙara naɗewa, har ta bugi durom ɗin da suka tare hanya da shi. Ƙarar ta sa suka zabura gaba ɗaya. Na ga bakin bindiga ta gilashi. Na ɗaga hannuwa, na kasa ko salati a bayyane. Allah Ya sa babbansu mai sanyin rai ne, ya leƙa ya ga tagogi ne kawai, ya ce in sauka in tura ta da hannu. Na tura ta a gaban jama'a, gumi har cikin takalmi.

Ka yi ɗaurin zarge wanda ja ɗaya ke kwance shi. Ka jera kaya yadda ido zai ga komai ba sai an sauke ba. Ka fara rage gudu tun daga nesa, hannuwanka a kan sitiyari inda za a gan su, kada ka kai hannu aljihu sai an ce ka kawo takarda. Gobe da hantsi kuma ka zo mu je filin bayan makaranta ka koyi ribas. Sirrin ƙarami ne. Sa hannunka a ƙasan sitiyari, duk inda kake so bayan tirelar ya nufa, can za ka kai hannun, kaɗan kaɗan. In ta fara naɗewa, tsaya ka yi gaba ka miƙe ta, ka sake. A kwana kuma ka buɗe sosai, don tayoyinta suna yanke hanya, ba sa bin sawun na motar. Ka ce ka iya. Ka zo dai, ko don hankalina ya kwanta.

An kira la'asar, na je na dawo. Abin da zan rubuta yanzu shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro, na yi ta kewaye ne kawai.

Ka san Ba Kyari, mijin Gwaggo Falmata, wanda ke dogara sanda. An gaya muku hatsari ne a hanyar Konduga. Gaskiya ne, amma ba a gaya muku ni na jawo shi ba.

Lokacin da zama ya gagara a wajensu, gwaggonka ta aiko in zo in kwashe su. Na tafi da motar da tirelar. Lungun gidansu ƙunci ne, ba wurin juyawa, sai na cire tirelar muka juya ta da hannu, muka yi lodi, na mayar da bakinta kan ƙwallon ƙugiya. Kowa yana sauri, maƙwabta suna ta fita da kaya a ka, ana ce mana mu hanzarta. Na danna marufin da ke kama ƙwallon, na ji kamar ya zauna. Fil ɗin da ke kulle shi yana aljihun rigata. Sarƙoƙi biyun da ke riƙe ta da motar kuma na naɗe su a wuyanta lokacin da muke juyawa, ban mayar ba. Na ce a raina in mun fita gari zan tsaya in gyara.

Motar ta cika da mata da yara. Ba Kyari ya ce shi zai hau kan katifu a tirela, tafiyar ba nisa. Na san bai dace ba. Amma ya girme ni, surukina ne, kuma in na hana shi ina zan sa shi? Na bar shi ya hau. Muka fita gari, ban tsaya ba, don ba wanda ke tsayawa. Muna cikin tafiya na faɗa wani rami da ban gani ba. Na ji motar ta yi sauƙi farat ɗaya. Na kalli madubi na ga tirelar tana tafiya ita kaɗai, ta nufi gefen hanya, wuyanta ya caki ƙasa, ta wuntsila. Na ga farar rigarsa a sama.

Ƙugunsa ne ya karye. Muka kwantar da shi a kujerar baya, matan suka matsu a gaba, gwaggonka tana riƙe da kansa har asibiti. Manomi ne mai ƙarfi, bai sake riƙe fartanya ba. Da daddare ban ce ba, ko da rana in na rufe ido ina ganin rigar nan. Da na sa hannu a aljihu a bakin asibiti zan ciro katin shaida, fil ɗin na fara taɓawa.

Bayan wata biyu na je na same shi shi kaɗai na gaya masa komai. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Kai ka zo ka ɗauke mu ranar da ba wanda ya zo. Kada ka gaya wa Falmata." Ban gaya mata ba. Yafiyarsa ba ta sauke min komai ba, kullum na gan shi yana jan ƙafa zuwa masallaci sai abin ya dawo sabo. Kai ma ka riƙe wannan a cikinka.

Na rubuta maka ne don jiya na ji mahaifiyar Hadiza tana gaya wa mahaifiyarka cewa ƙaninta, kawun Hadiza, zai bi ku zuwa Damaturu, wai tunda mota ta cika zai zauna kan katifu a baya, kuma ka amsa. Na san yadda aka yi ka amsa, kunyar surukai ce, irin tawa. Ka je yau ka warware. Ka ce ni na hana, ka ce tirelar tawa ce kuma na rantse. Su ji haushina, zan iya ɗauka. Zan raka shi tasha da kaina in sa shi a motar haya. Mutum ba ya hawa tirela, ko babba ko yaro, ko tafiyar daga nan zuwa bakin layi ce.

Kuma duk lokacin da ka cire ta ka mayar, ko wa ke kiranka, ko me ake yi, kada ka shiga mota sai ka yi abu huɗu. Ka danna marufin ka kama wuyan ka jijjiga shi sama da ƙarfi, in ya zauna bayan motar zai ɗaga tare da shi. Ka sa fil. Ka gitta sarƙoƙin a ƙarƙashin wuyan, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu, yadda in ya fita zai faɗa kansu ba ƙasa ba, ka bar musu ɗan saki don kwana. Ka haɗa wayar fitila, Hadiza ta tsaya a baya ta ga birki da sigina suna kamawa. Na ɗaure fil ɗin da 'yar waya a jikin wuyan, ba zai ƙara shiga aljihun kowa ba.

Saura abu ɗaya, takardar ma ta kusa ƙarewa.

Akwai ranar da muke dawowa da mahaifiyarka ta hanyar nan da za ku bi, tirela cike da ƙarfen aiki da na sayo. Sai muka ga motocin gabanmu suna juyowa, direbobi suna kunna fitila suna yi mana hannu mu koma. Ba wanda ya tsaya bayani. Ƙananan motoci juyi ɗaya suka yi suka tafi. Ni kuwa hanya ta yi min ƙunci, gefe yashi ne. Na yi gaba, na yi baya, ta naɗe, na sake. Hanya ta zama ba kowa sai mu. Mahaifiyarka ta dafa hannuna ta ce, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, "Malam, cire ta mu tafi." Na ce ƙarfen fa. Ta ce, "Yara biyar muka bari a gida." Ban cire ba, Modu. Na ci gaba da kokawa har Allah Ya sa ta juyu, muka tsira, ƙarfen ma ya iso gida. Mutane suka yaba min, wai na iya tuƙi. Ni na san abin da na yi. Na ɗora ran mahaifiyarku a sikeli ɗaya da ƙarfe, kuma sa'a ce kawai ta fitar da ni. Ta yi kwana uku ba ta haɗa ido da ni ba.

Na san kekunan nan su ne sana'arka, shekara nawa ka yi kana tara su ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka, in ka ga ana juyowa, gwaji ɗaya za ka yi. In ba ta juyu ba, sauka. Cire waya, cire sarƙa, zare fil, ɗaga marufi, ka ture ta gefe. Gobe a filin nan za mu yi ta maimaita wannan har hannunka ya iya shi ba tare da tunani ba. Ka bar ta a nan da duk abin da ke cikinta, kada ka tsaya ciro ko almakashi. Ba zan taɓa tambayar ka ina tirelata ba. In kun dawo min ku biyar a motar da babu komai a bayanta, ni zan fito in buɗe muku ƙofa, kuma ranar zan yi sadaka.

Ka kira ni in kun isa Damaturu, ka sake kira a Potiskum. Ka tsaya tukuna kafin ka kira.

Allah Ya kiyaye gabanku da bayanku, Ya kau da idon mugu daga kanku, Ya daidaita muku hanya. Allah Ya sa albarka a sana'arka, Ya raya yaran, Ya dawo wa garin nan da zaman lafiyar da zai sa ku yi marmarin komowa. Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce Hadiza ta aiko a karɓi garin kunun yara. Na yafe maka duk abin da ka yi min, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, kai ma ka yafe min ɗaga murya.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Bukar mai walda